Dusar da muke ba akuya ita hanjin tsoho ke nema

Dattijo ba ya son faɗin abin da ke damunsa a bayi. Sai dai a ga ya rage cin abinci, ko ya aiki jika ya sayo masa maganin basir. Sau da yawa kuwa taurin bayan gida ne tushen abin, yawan yunƙuri ne ke jawo basir ɗin.

Idan mutum ba ya fita sau 3 a mako, ko yana fita da ƙyar, likitoci na ɗaukar cikinsa ya ɗaure. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar da, tafiya ta ragu, haƙora sun zube, sai a bar shi da shayi da burodi da farar shinkafa. Ƙwayoyin ƙarin jini da tramadol da wasu magungunan hawan jini su ma suna ƙara ɗaure ciki.

Abin da abincin nan ya rasa shi ne harza, wato ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, wanda ke riƙe ruwa ya tausasa bayan gida. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 a rana. Abin takaici, muna da ita a gida muna zubarwa. Mu surfe gero da dawa tas, mu tace koko, dusar kuma ta tafi ga akuya. Don Allah a rage surfen. A dafa wa tsoho wake ya yi luguf, a ba shi miyar kuka da kuɓewa, kwaɗon zogale da rama, gwanda, da dabinon da aka jiƙa. Duk waɗannan ba sa neman haƙori sosai. Sai dai a ƙara su sannu a hankali tare da ruwa wadatacce, don harza ba ruwa kumburin ciki take kawowa. Ya riƙa takawa, ko zuwa masallaci ne.

Filasko yana aiki, amma na kwana biyu ne. Yawan shansa na murɗa ciki, ya zuƙe ruwan jikin tsoho.

Idan aka ga jini, ko rama ba dalili, ko ciki ya kumbura da amai, ko fitar ta sauya kwatsam bayan shekara 50, a ajiye jiƙe-jiƙe a kai shi asibiti. Ku da ke da tsofaffi a gida, ku cire kunya ku tambaye su.