Abin da Mai Jirgin Ruwa Zai Koya wa Mai Injin Ban Ruwa

'Yan'uwa manoma, a ƙasarmu ta Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ba mu da babban kogi da jirage ke bi. Amma wanda ya taɓa zuwa Yawuri ya ga manyan kwale-kwale masu inji suna ɗaukar mutane da buhuna a kogin Kwara da tafkin Kainji, wanda ya samu bayan da aka gama madatsar a 1968. Tafiya ce ta sa'o'i da yawa, ba kuwa makanike a tsakiyar ruwa. Saboda haka matuƙi mai hankali ba ya kwance igiya sai ya duba injinsa. Mu kuwa sai inji ya mutu a fadama, tumatir yana fure, sa'an nan mu tashi neman mai gyara.

Abu na fari da matuƙi yake dubawa shi ne ruwa. Injin jirgi yana zuƙar ruwan kogi domin ya sanyaya kansa, yana kuma fitar da ɗan siririn ruwa ta baya. In wannan ruwa ya ɗauke, nan take yake kashe inji. Famfonmu ma haka ne. Tilas a cika cikinsa da ruwa kafin a ja igiya, gama in ya yi gudu a bushe, abin da ke toshe bakin sandar farfela zai ƙone, ya fara yoyo. A sa rariya a bakin tiyo, kada kuma a bar ta ta kwanta cikin yashi. Yashi yana cin farfela.

Sai baƙin mai, nan ne kuwa muka fi yin kuskure. Yawancin injunan jirgi irin na Yamaha ana gauraya musu mai da fetur, kamar rabin lita cikin lita 25. Injin ban ruwa irin Honda GX160 ba haka yake ba. Mansa yana da wurinsa dabam, kusan lita 0.6, ba a haɗa shi da fetur. Littafinsa ya ce sabon inji a juye mansa bayan awa 20 na fari, daga nan kowace awa 100. Ku yi lissafin da kanku: in inji yana aiki awa 5 a rana, kwana 20 ke nan. Na taɓa tarar da wata ƙungiya da ta yi rani guda ba ta juye ba, wai kowa yana tsammani ɗan'uwansa ya yi. Injin ya buga. Kafin a tara kuɗin gyara an yi kwana tara, albasa ta sha wuya. Shi ya sa nake roƙon kowace ƙungiya ta ba mutum ɗaya wannan aiki, da ɗan littafi inda zai rubuta wanda ya ɗauki inji da awannin da ya yi. A duba mai kowace safiya, inji yana zaune a wuri mai daidai.

Akwai abin da yake damunmu wanda bai cika damun mai jirgi ba, wato ƙurar hunturu. A riƙa wanke soson da ke tace iska da ruwan sabulu, a shanya shi sarai, a ɗiga masa ɗan mai a matse. A ajiye fulogi ɗaya sabo da sifanarsa a jaka, kamar yadda matuƙi yake yi.

In damina ta faɗi za a ajiye inji, a tsiyaye ruwan famfo, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireta, domin tsohon fetur yana daskarewa ya toshe ƙananan ramuka. A rufe shi da buhu, a ɗora a kan katako inda ruwa ba ya taɓawa.