Ƙaramin Akwati, Dogon Zango

Duk mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango. Ƙasa da su a tsawo akwai zangon maikirowef, wanda rada da tauraron ɗan'adam da wayar salula ke aiki da shi. Don tace wannan zango, injiniyoyi kan ƙera akwatin ƙarfe inda igiyar lantarki ke kai-da-komo tsakanin bango da bango har ta yi ƙarfi. Tsohuwar ƙa'ida ita ce faɗin akwatin ya kai rabin tsawon zangon. Zangon murhun maikirowef kusan santimita 12 ne, don haka akwatinsa ba zai gaza santimita 6 ba. Kamar ganga ce, girmanta ke yanke muryarta. Ni a ganina wannan ƙa'ida ta kayan da muka saba da su ce kawai, kuma ana iya ƙetare ta.

A 1967 Viktor Veselago na Tarayyar Sobiyet ya lissafa cewa za a iya samun abin da ke lanƙwasa igiya ta bauɗaɗɗiyar hanya. A 1999 John Pendry na Landan ya nuna yadda ƙananan zobban ƙarfe masu tsaga za su taimaka, kuma a 2000 David Smith da abokan aikinsa a San Diyego suka haɗa zobban tagulla da wayoyi suka ƙera irin wannan abu. Wannan shi ne metamatiriyal: halinsa daga tsarin ƙirarsa yake fitowa. Sai Nader Engheta na Jami'ar Pensilbaniya ya kawo shawara a 2002: a jera falle biyu a akwati, na gargajiya da na metamatiriyal. Tazarar da igiya ta ci a na farko, na biyu zai warware ta. Abin lura kawai shi ne yadda kaurin wannan ya dace da na wancan, don haka akwatin zai iya sirancewa matuƙa.

Masu suka na da hujja. Ƙarfin lantarki yana cunkushewa a tsagar zoben, tagulla ta ɗumama, wani kaso ya salwanta, kuma zobban ba sa amsawa sai a ɗan siririn zango. Gaskiya ne, shi ya sa babban akwati bai rasa gurbinsa ba a inda ake tura wuta mai yawa. Amma matatar sigina dama siririn zango take nema, kuma cunkoson da ke tsagar shi ke sa na'urar awo ta ji ɗan canji idan ɗigon ruwa ya taɓa wurin. Saboda haka binciken ya cancanci kuɗi da haƙuri, domin a na'urorin awo da na sadarwa kowace santimita tana da tsada.