Fassarar Lambobin Matsalar Giya a Motar da Aka Yi wa Sauyi: Darasi Daga Unguwar Faisal ta Alƙahira

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake fassara lambobin da kwamfutar mota ke ajiyewa idan ta hango matsala a giya otomatik, musamman a motar da aka sauya wa wani sashe bayan fitowarta daga masana'anta. An ɗauki unguwar Faisal a matsayin fagen misali. Maƙalar ta nuna cewa lamba shaida ce ta saɓani tsakanin abin da kwamfuta ta zata da abin da ta gani, don haka tarihin sauyin da aka yi wa mota shi ne mabuɗin fahimtar lambar.

Fitilun kalmomi: giya otomatik, lambar matsala, iskar gas, kanikanci, Faisal.

1.0 Gabatarwa

Titin Sarki Faisal yana lardin Giza, yamma da kogin Nilu, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da Titin Haram wanda ke kaiwa ga dalolin Fir'aunoni. Unguwa ce mai cunkoson jama'a, inda tasi da ƙananan motocin bas da babura masu ƙafa uku ke rarrafe tun safe har tsakar dare. Da yawa daga motocin haya a nan ba yadda masana'anta ta ƙera su suke ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 Masar ta fara mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta hannun kamfanoni irin su Cargas da Gastec. Haka kuma idan giya ta mutu, wadda Misirawa ke kira fitis, akan nemo ta hannu a kasuwar Hirafiyyin, kamar yadda Bakano ke nufar Ƙofar Ruwa ko mutumin Kaduna ke shiga Panteka.

Batun ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Bayan janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci zuwa gas. Abin da makaniken Faisal ya daɗe yana fama da shi, shi ne ke shigowa garejojin Kano da Kaduna yanzu.

2.0 Tsarin Lambar Matsala

Tsarin binciken da ake kira OBD-II ya zama wajibi a kan motocin Amurka daga 1996, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu da motocin fetur a 2001. Ana karanta lambobin ta wata kafa mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ma'aunin SAE J2012 kuwa shi ya tsara ma'anarsu. Harafin P yana nuni da inji da giya, harafin U kuma da sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan sifiri ya biyo bayan harafin, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota; idan 1 ce, kamfanin da ya ƙera motar ne ke da fassararta. Lambobin da suka fara da P07 na giya ne.

Wajibi ne a yi hattara da P0700. Wannan lamba ba ta faɗin komai face cewa kwamfutar giya ta roƙi ta inji ta kunna fitilar gargaɗi. Ƙananan na'urorin bincike masu araha sau da yawa a nan suke tsayawa, alhali ainihin bayanin yana cikin kwamfutar giya.

3.0 Yadda Kwamfutar Giya Ke Yanke Hukunci

Kwamfutar giya ba ta ganin cikin akwatin giya. Ta dogara ne da sansa biyu: ɗaya yana ƙirga juyin sandar da ke shigar da ƙarfi, ɗayan yana ƙirga juyin wadda ke fitar da shi. Sai ta raba na farko da na biyu, ta gwada sakamakon da adadin da masana'anta ta rubuta mata. A misali, idan giya ta uku tana da ma'aunin ɗaya da ɗaya, sandar shiga na juyi 2,000 a minti, ta fita kuma 1,700, kwamfuta za ta ɗauka faifan kulocin ciki na zamewa, ta ajiye P0733 ko P0730.

Haka take auna kulocin da ke cikin tukunyar mai da ke haɗa inji da giya. Idan ta ba da umarnin kullewa, amma juyin inji ya ci gaba da zarce juyin sandar shiga da tazara mai yawa, sai ta ajiye P0741. Ƙarfin matsin man giya ma tana tsara shi ne bisa ƙiyasin ƙarfin inji da ke zuwa mata ta wayoyin sadarwar CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya gabatar a 1986. Duk waɗannan hukunce-hukunce sun ginu a kan zato guda: cewa motar tana nan yadda aka ƙera ta.

4.0 Sauye-sauyen da Ke Rikita Lamba

4.1 Mayar da Mota Zuwa Gas

Iskar gas tana cinye wani ɓangare na gurbin iskar da inji ke shaƙa, don haka ƙarfinsa yakan ragu da kimanin kashi 10 cikin 100. Ga kuma nauyin tukunyar ƙarfe mai ɗaukar matsin ba 200 a but. Direba sai ya ƙara taka totur, giya kuma ta riƙa kai-komo tsakanin ta uku da ta huɗu. Gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, shi ya sa fulogi mai rauni kan sa inji ya yi kakkarwa wadda ta yi kama da ta giya.

Babban haɗarin yana ga wayoyi. Mai haɗa gas yakan yanki wayoyin nozul, ya jona da wayar juyin inji, wani lokaci har da wayoyin sadarwa. Wasu kan ƙara na'urar gaggauta tartsatsi a kan sansan kuranshaf. Idan saƙon juyin inji ya gurɓata, lissafin zamewar kuloci ma ya gurɓata. Idan kuma jonin ya yi sako-sako, sai U0100 ko U0101 su bayyana, motar ta maƙale a giya ɗaya. Sauke akwatin giya a irin wannan hali, an bar jaki ne ana dukan taiki.

4.2 Dasa Akwatin Giya na Hannu

Kama da wane ba ta wane. Akwatuna biyu na iya zama daidai a waje, ramukan kusoshinsu su dace, amma ma'aunin giyarsu ko yawan haƙoran da sansa ke ƙirgawa ya bambanta, saboda an ƙera su don inji dabam ko kasuwa dabam. Tsohuwar kwamfuta za ta ci gaba da auna sabon akwati da tsohon sikeli, ta riƙa ajiye P0730 ko P0720 a kan giya mai ƙoshin lafiya. Ko da akwatin ya dace, kwamfuta tana riƙe da gyare-gyaren matsi da ta koya daga tsohon akwatin da ya ci, kuma sai an goge su ta sake koyo.

4.3 Taya da Manhajar Inji

Sanya tayoyin da girmansu ya saɓa tsakanin gaba da baya yana kawo saɓani a saƙon gudu da sansan birki ke aikawa. Sauya manhajar inji don ƙara ƙarfi kuwa yana ɗora wa faifan kuloci nauyin da ba a tsara masa ba. A nan lambar zamewa gaskiya ce, sai dai sauya faifai kaɗai ba zai hana ta dawowa ba.

5.0 Matakan Bincike

Na farko, a tambayi mai mota abin da aka sauya, da lokacin, da kuma ko fitilar ta kunnu kafin sauyin ko bayansa. Na biyu, a karanta dukkan kwamfutocin motar, a rubuta lambobin tare da bayanan da aka adana na lokacin faruwar matsalar, wato gudu da zafi da juyin inji, kafin a goge komai. Na uku, a duba batir da wayoyin ƙasa da jonin mai gas, domin raunin wuta kaɗai na iya haifar da jerin lambobi. Na huɗu, a duba yawan man giya da launinsa da ƙaurinsa, a kuma tabbatar irin da masana'anta ta ayyana ne. Na biyar, a warware lambobin inji da na sadarwa kafin na giya.

Na shida shi ne gwajin hanya, kuma a nan Faisal ke da darasi na musamman. Kwamfuta ba ta gwada kullewar kuloci sai mota ta yi zafi tana tafiya da gudu madaidaici, kuma lambobi da dama ba sa tabbata sai matsalar ta maimaitu a tafiya biyu. Motar da aka zagaya da ita cikin cunkoson Faisal na iya dawowa ba lamba, a ɗauka ta warke, sai ta hau Titin Zobe na Alƙahira fitila ta kunnu. Don haka a yi gwajin a buɗaɗɗiyar hanya sau biyu, ɗaya da fetur, ɗaya da gas, ana kallon juyin inji da na sandunan biyu. Idan lambar ta dawo a gas kaɗai, a koma wa haɗin gas. Idan ta dawo a duka biyun, kuma lissafin ma'aunin bai sauya ba duk yadda aka taka totur, a tuhumi dacewar akwatin. Idan tazarar na ƙaruwa da ƙaruwar nauyi da zafi, to zamewa ce ta haƙiƙa, sai a auna matsin mai kafin a kwance.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa lambar matsala tana da ma'ana ne gwargwadon ingancin zaton da aka gina ta a kai. Ga direban tasi da motarsa ce abincin iyalinsa, bambancin da ke tsakanin gyaran waya ɗaya da sayen akwatin giya ba ƙarami ba ne. Saboda haka ana ba da shawarar cibiyoyin mayar da motoci zuwa gas su riƙa bai wa mai mota takardar da ke nuna kowace wayar da aka taɓa, makarantun koyon sana'a kuma su haɗa makanike da rewaya a darasi ɗaya, tare da samar da fassarar waɗannan lambobi cikin Hausa domin masu gareji.