Kundin Gunduma Da Katin Hannu: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu A Ƙasar Gumel

Babu ofishin hakimin da ba shi da tarin takardu. Waɗansu suna cikin adaka, waɗansu an ɗaure su da tsumma an jefa bisa kabad, waɗansu kuwa suna gidan tsohon malamin gunduma wanda ya riga ya rasu, magadansa ba su san abin da ke ciki ba. Ko wace damina gara da yoyon ɗaki da ɓera suna cin rabonsu. Sai ran da gardama ta tashi a kan iyakar gona, ko burtali, ko shekarar da aka naɗa wani dagaci, sa'an nan a shiga neman takardar da ta riga ta zama ƙasa. Wannan ɗan littafi yana bayyana yadda malami zai tattara irin waɗannan takardu da hotuna cikin kundi guda da hannunsa, da kuma yadda zai yi katin gaisuwa da na gayyata da kayan da ke kusa da shi.

1. Dalilin Da Ya Sa Ƙasar Gumel Ta Ke Bukatar Kundi

Mangawa ne suka kafa sarautar Gumel wajen 1750, ta bi Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. A 1845 aka taso da gidan sarauta daga Tumbi zuwa inda garin Gumel ya ke yau. Turawan Ingila suka iso a 1903, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 su da Faransawa suka auna iyaka suka kafa alamu, Tumbi ta faɗa ɓangaren Faransa, wato Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Saboda haka tarihin ƙasar ya rabu biyu, rabi a nan, rabi a hayi, waɗansu takardunsa da Larabci, waɗansu da Turanci, waɗansu da Faransanci.

Bayan wannan abubuwa da yawa sun auku waɗanda tsofaffi kaɗai suka gani da idonsu. A 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta kai Nguru, ta ratsa ta Gagarawa. A 1973 naira ta maye gurbin fam da sule, a shekarar nan kuma aka sha fari mai tsanani. A 1976 aka rushe mulkin En'e aka kafa ƙananan hukumomi. A 1979 Gwamnatin Jihar Kano, wadda Gumel ta ke cikinta a lokacin, ta soke haraji da jangali. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma a zamanin Gwamna Saminu Turaki aka keɓe filin ciniki marar kuɗin fito a bakin iyaka a Maigatari. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, fataken shanu da raƙuma masu cin kasuwar Alhamis ta Maigatari suka ji a jikinsu. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya bar takarda a hannun wani, a Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar. Rasidin jangali da aka raina jiya, yau shi ne shaidar cewa wani gida ya yi shekara hamsin yana kiwo a wuri kaza.

2. Aikin Ba Baƙo Ba Ne

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin kundi, inda malami ke tara abin da ya kwafa daga malamansa, warƙa bisa warƙa, ya sa tsakanin bango biyu, ya zura cikin gafaka ta fata. Takardar da suka yi aiki da ita a da daga ƙasar Italiya ta ke fitowa, ta sauka Tarabulus, ayarin raƙuma ya kawo ta Kano. Wanda ya ɗaga irinta a hasken rana zai ga alamar jinjirin wata uku a cikinta. Da tsummoki aka yi ta, shi ya sa ta kan shekara ɗari da ɗoriya ba ta karye ba.

A zamanin Turawa kuma an ajiye littafin gunduma, inda ake rubuta asalin garuruwa da jerin masu sarauta da kasuwanni da rijiyoyi. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, masu bincike suna zuwa daga nesa don su karanta su. Kundin da ake magana a nan ɗan waɗannan biyu ne. Bambancinsa shi ne ana liƙa masa ainihin takardu da hotuna, ba rubutu kaɗai ba.

3. Kayan Aiki

Malami zai nemi takarda mai kauri irin ta zane, fara ko ruwan madara, ya yanka ta daidai wa daida, kamar inci 15 a tsawo, inci 11 a faɗi. Zai nemi kwali mai ƙarfi guda biyu don bango, da zare mai kauri, da basilla, da almakashi, da rula, da fensir, da alƙalami, da ƙaro. Baduku zai iya rufe bangon da jan fata, ya kuma ɗinka masa gafaka.

Ƙaro kuwa ba sai an je nesa ba, domin dakwara, itacen da ke ba da ƙaro mafi kyau, tana tsirowa a jigayin ƙasar nan. A zaɓi fari mai tsabta, a daka shi, a jiƙa awo ɗaya cikin ruwa awo biyu, a bar shi ya kwana, a tace da farin ƙyalle. A dama kaɗan kaɗan, gwargwadon aikin kwana biyu ko uku, don yana tsami in ya daɗe. Amfanin ƙaro shi ne, in an yi kuskure, ɗan danshi ya isa ya saki takardar ba tare da ta yage ba. Aibinsa kuwa shi ne in an lafta shi da yawa ya kan bushe ya tsattsage, ya kuma jawo kyankyaso.

Akwai abubuwa huɗu waɗanda ba su da wuri a cikin kundi. Na ɗaya, salatif, domin bayan 'yan shekaru ya kan saki, ya bar tabo rawaya wanda ba ya fita. Na biyu, allura da ƙusar matse takardu, domin suna tsatsa su ci takarda. Na uku, robar ɗaure kuɗi, wadda ke narkewa da zafin bazara. Na huɗu, rufe takarda da leda a injin zafi. Mutane suna tsammani gata ne, alhali takardar da aka yi wa haka ba a iya fitar da ita kuma har abada.

4. Yadda Ake Shirya Kundi

Da fari a tattara kome a shimfiɗa bisa tabarma mai tsabta a cikin inuwa, a kakkaɓe ƙura da gashin kaza. A rarraba bisa ga shekara, a fara da mafi tsufa. Kada a liƙa kome sai an jera shafin duka an ga ya zauna, an kuma bar wurin rubutu a ƙarƙashin ko wane abu. A bar faɗin yatsa biyu a gefen da za a ɗinke, a sa ɗan siririn kwali tsakanin warƙa da warƙa a gefen nan, don kada kundin ya kumbura ya buɗe baki sa'ad da ya cika.

Abin da za a sa iri uku ne, ko wanne da hukuncinsa.

Takardun yau da kullum, kamar sanarwa, da katin gayyata, da yankin jarida, a ɗiga musu ƙaro a kusurwa huɗu kawai, a ɗora farar takarda a kai, a danne da littafi mai nauyi har su bushe. Takardar jarida ba ta da ƙarko, tana ja tana karyewa, tana kuma ɓata abin da ta jingina da shi, saboda haka a ba ta shafinta ita kaɗai, a rubuta sunan jaridar da ranar fitowarta. Rasidin da ƙananan injunan karɓar kuɗi ke fitarwa da zafi ake buga shi, ba da tawada ba, rubutunsa ya kan gushe. In yana da muhimmanci a yi masa fotokwafi tun yana sabo, a liƙa su tare.

Hotuna ba a shafa musu ƙaro ko kaɗan. A yanka 'yan ƙananan takardu a naɗe su kamar aljihu mai kusurwa uku, a liƙa aljihunan guda huɗu a shafi, a zura kusurwoyin hoton a ciki. Ta haka ana iya fitar da shi a mayar. Hoton da ke cikin wayar hannu kuwa ba a ce an ajiye shi ba tukuna, gama waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa. A zaɓi masu muhimmanci a kai a wanke su.

Tsofaffin wasiƙu na Larabci ko ajami, musamman masu hatimin Sarki, da takardun iyaka da na gado, ba a liƙa su, ba a datse gefensu, ba a bin rubutunsu da biro don ya fito. A buɗe su a hankali, a sa ko wace cikin ambulan da ya fi ta girma, a liƙa ambulan ɗin a shafi. In takardar ta wani gida ce, a roƙi izini a ɗauki hotonta, a mayar wa masu ita da abinsu a ranar. Hakimin da ya riƙe takardar talakansa sau ɗaya ba zai sake ganin wata ba.

5. Rubutun Ƙarƙashi

Wannan shi ne ran aikin. Hoton taron dattawa wanda ba a rubuta sunayensu ba, bayan shekara talatin ya zama hoton rawuna kawai. A ƙarƙashin ko wane abu malami zai amsa tambaya huɗu: mene ne, su wane ne daga dama zuwa hagu tare da sarautunsu, a ina, yaushe. A sa kwanan wata na Hijira da na Turawa. In labarin daga bakin wani dattijo aka ji shi, a rubuta sunansa da ranar da ya faɗa. In dattawa biyu sun saɓa, a rubuta maganar kowa, kada malami ya zaɓi wadda ta fi yi wa maigidansa daɗi. Kundin da aka gyara don a faranta wa wani rai ba ya raba gardama, sai dai ya haifi wata.

Tawadar biro, musamman ja da shuɗiya, tana kodewa. Baƙar tawadar gawayi da ƙaro, irin ta makarantar allo, ba ta kodewa, sai dai ba ta son ruwa. A bayan hoto kuwa fensir mai laushi kaɗai za a sa, ba tare da dannawa ba.

6. Katin Gaisuwa Da Na Gayyata

Da kayan nan guda malami zai yi katin barka da Salla, da na gayyatar naɗin sarauta ko saukar karatu, da na taya murna. A yanka takarda mai kauri inci 10 da inci 7. Kafin a ninka ta, a ɗora rula a tsakiya a ja layi da bayan wuƙa, don ninkin ya tafi sak. A auna rabin inci daga baki a ja layi biyu da fensir, tsakaninsu nan ne wurin ado.

Adon da ya fi dacewa shi ne zayyana, irin wadda alarammomi ke yi wa allon sauka da farkon Alƙur'ani rubutun hannu: saƙa, da dara, da da'ira cikin da'ira, da dagi. A fara zana ta da fensir, a bi da baƙi, a bar shi ya bushe sarai, sa'an nan a cika da ja da rawaya, launi ɗaya bayan ɗaya. Jar ƙasa da aka niƙa lilis aka dama da ƙaro tana daɗewa. Ruwan zoborodo yana da kyau ran farko, amma ba ya jimawa ya dushe. Wanda hannunsa bai faɗa da zane ba ya iya liƙa ɗan ƙyallen saƙi ko guntun fata daga wurin dukawa a tsakiyar katin, ya kewaye shi da layi. In katin da yawa ne, a huda siffar adon a kwali guda a riƙa ɗorawa ana bi, duk su fito iri ɗaya.

A ciki a sa sunan mai aikawa da sarautarsa, da sunan wanda aka aika wa da cikakkiyar sarautarsa, a tabbata ba a yi kuskure a cikinta ba. Katin da za shi ƙetaren iyaka, wajen Damagaram, ya kyautu a rubuta shi da ajami tare da boko. Kada a rubuta ayar Alƙur'ani a katin da aka san zai iya faɗuwa ƙasa bayan biki. Daga ko wane iri a rage ɗaya a sa a kundi.

7. Ajiya

A sa kundi cikin gafakarsa, a sa gafakar cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin bisa benci nesa da bango da ƙasa. A ƙulla busasshen ganyen darbejiya cikin ƙyalle a ajiye a gefe, kada ya taɓa takarda. A buɗe a duba sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan kaka. Ba a shanya takarda a rana, ba a ba da kundi aro, mai son karantawa ya zo ofis ya karanta a gaban malami. In an gama kundi a ɗauki hoton shafunansa duka a aika fadar Mai Martaba Sarki, domin in gobara ta ci ɗaya, ɗaya ya tsira.

Kundin na gunduma ne, ba na hakimi ko na malami ba. Ran da aka sake malami, ya miƙa shi ga magajinsa a gaban hakimi, a ƙidaya shafuna, su biyu su sa hannu a shafin ƙarshe. Ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a, kuma a fara da gidajen da dattawansu suka fi tsufa, tun suna da ran faɗin sunayen waɗanda ke cikin hotuna.