Hedifon Ya Yi Shiru, Sifika Tana Ta Kiɗa: Inda Matsalar Take

A zangon karatun da ya wuce, 'yan sashenmu suka shirya liyafar maraba da sababbin ɗalibai, aka ce ni zan sa kiɗa. Kuɗin hayar manyan sifiku bai haɗu ba, sai wani abokina ya kawo tasa, irin mai batir ɗin nan da ake ja kamar akwatin tafiya. Na haɗa ta da laftof ta Bluetooth, na jona kontirola, na sa hedifon, na danna CUE. Shiru. Waƙa tana tashi a fili, amma a kunnena ko motsi. Haka na kwana shigar da waƙoƙi da ka. Sau biyu ganguna suka ci karo, masu rawa suka tsaya cak suna kallona. Wallahi har yau idan na tuna sai na ji kunya. Tunda liyafar bankwana ta 'yan ajin ƙarshe ta matso, kuma na san ba ni kaɗai ke fama da kayan aro ba, bari in faɗi abin da na gano daga baya.

Aikin DJ yana buƙatar hanyar sauti biyu. Ɗaya ta jama'a ce, wato MASTER, abin da ke fita sifika. Ɗayar taka ce kai kaɗai, inda kake sauraron waƙa ta gaba a ɓoye, ka daidaita bugunta da wadda ake rawa da ita kafin ka sake ta. Kontirola irin su Pioneer DDJ-400 ko DDJ-FLX4 suna da katin sauti a cikinsu mai layi huɗu: na 1 da na 2 na MASTER, na 3 da na 4 na hedifon. Sifikar Bluetooth kuwa layi biyu kawai gare ta, hagu da dama. To ni abin da na yi shi ne, na shiga saitin manhaja na zaɓi sifikar a matsayin mafitar sauti. Da yin haka na cire katin kontirola daga aiki gaba ɗaya, ramin hedifon ya zama ado. Ba abin da ya lalace, ni na kulle ƙofar da hannuna.

Wani zai ce ai akwai dabara. E, akwai. VirtualDJ tana bari ka aika MASTER zuwa na'ura ɗaya, hedifon zuwa wata, rekordbox ma tana da zaɓin PC MASTER OUT. Hedifon zai dawo, amma sai ka faɗa rami na biyu, wanda ya fi na farko zurfi: jinkiri.

Bluetooth ba ya aika sauti kai tsaye. Sai ya matse shi, ya tura ta iska, sifika ta tara ɗan kaɗan a ajiye don kada waƙa ta riƙa yankewa, sannan ta warware ta busa. Wannan duka yakan ci tsakanin milisakan 100 zuwa 300. Idan kana kwance a hostel kana jin Hamisu Breaker, ba za ka taɓa lura ba. Amma yi lissafi. Waƙar amapiano mai bugu 112 a minti, tsakanin bugu da bugu ɗan sama da rabin daƙiƙa ne, wajen milisakan 536. Jinkirin milisakan 200 ya haura kashi ɗaya cikin uku na wannan tazarar. Kunnenka na dama yana jin hedifon, na hagu yana jin sifika tana biye a baya kamar amsa-kuwwa. Idan ka daidaita sabuwar waƙa da abin da sifika ke faɗa, ka daidaita ta da abin da ya riga ya wuce. Da ka ɗaga ta sai ka ji kamar dawakai biyu suna sukuwa. Maɓallin SYNC yana taimakawa, amma hannunka ne zai ci gaba da makara wajen yanka da shigarwa.

Maganin, ka yi haƙuri, waya ce. Kebul mai kan RCA biyu, ja da fari, ɗaya bakin kuma siririn kai mai milimita 3.5. Masu sayar da kayan lantarki a bakin kasuwa duk suna da shi. RCA a bayan kontirola inda aka rubuta MASTER, siririn kan a ramin AUX na sifika, a manhaja kuma ka bar kontirola a matsayin katin sauti. Ka tuna ka sauya sifikar daga Bluetooth zuwa AUX, ka kuma kashe tsarin da ke haɗa sifika biyu ta iska, don shi ma yana kawo jinkirinsa. Kada ka cusa a ramin makirfo idan da yadda za ka yi. Sautin kontirola ya fi ƙarfin wannan ramin, zai fito a dagule.

In ka yi duk wannan hedifon bai yi magana ba, kafin ka zagi mai kayan, duba ƙananan abubuwa. CUE iri biyu ne a kontirola: babban da ke kusa da PLAY na alamar inda waƙa za ta fara ne, ƙaramin da ke saman kowane layi a tsakiya shi ne na kunne. Na ga wanda ya yi rabin awa yana danna babban. Sai marfin ƙarar hedifon, da wanda ke juyawa tsakanin CUE da MASTER. Idan yana ƙarshen MASTER, abin da jama'a ke ji kawai za ka ji. A Windows kuma, wasu kontirololin sai an saka musu direbansu kafin layukan huɗu su bayyana. Iyafis na waya mai makirfo ma yakan ba da sauti siriri, murya ta ɓace, saboda kansa bai zauna daidai a ramin ba.

Akwai kontirolar da ba ta da katin sauti sam, kamar DDJ-200. Ita da kebul mai raba sauti ake amfani: ɓangare ɗaya ya zama na jama'a, ɗayan na kunne, sai ka kunna wannan tsari a manhaja. A nan ake yawan yin asarar kuɗi, domin wanda ake sayarwa don mutum biyu su ji waƙa a waya ɗaya kamarsu ɗaya a ido, amma shi abu guda yake aikawa ɓangarorin biyu.

Idan kuwa sifikar ba ta da AUX ko kaɗan, to rufe kunnuwanka biyu da hedifon, sa marfin a tsakiyar CUE da MASTER, ka yi haɗin duka a cikin kunne, ka manta da abin da fili ke ji. Jama'a ba su san an yi jinkiri ba, tunda ba su da abin kwatantawa.

Abu na ƙarshe, da ka koma waya wataƙila ka ji gurnani a ƙarƙashin waƙa, musamman in an tada janareto. Zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, daga nan yake, don haka ka zo da batir a cike. Ni dai ranar bankwana kebul biyu zan saka a jaka, kuma zan je ɗakin taron tun la'asar in gwada.