Baƙin man da ka zubar bayan janareta, ina yake tafiya?



Da yawanmu idan an yi wa janareta ko injin ban ruwa juye, sai a tuttular da baƙin man a ƙasa, wani lokacin ma dab da rijiya ko bohol. Washegari ka ga wurin ya bushe, ka ce ƙasa ta shanye. E, ta shanye, amma ina ta kai shi?

Ƙasa cike take da 'yan ƙananan kafofi a tsakanin ƙwayoyinta, haka ma wasu duwatsun. Ta nan ruwan sama ke bi ya taru a can ƙasa, shi ne muke haƙa rijiya mu ɗebo. Tun a 1856 wani injiniya ɗan Faransa, Henry Darcy, ya yi gwaji da yashi a garin Dijon, ya nuna cewa gudun ruwa a cikin ƙasa ya dogara da ƙarfin da ke tura shi da kuma irin ƙasar. A yashi yana wucewa da sauri, a yumɓu kuwa sai da ƙyar.

To idan mai da ruwa suka haɗu a waɗannan kafofin fa? Ba sa gauraya, sai dai su raba hanya. Ƙwayar ƙasa ta fi kama ruwa, don haka ruwa ne ke manne mata ya cike ƙananan kafofin, shi kuma mai ya bi manyan. Kamar lungun kasuwa ne da mai kura da mai babur suka shiga tare, kowa yana rage wa ɗan uwansa hanya. Idan ruwan ya rinjaya, man sai ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo, ya maƙale ya ƙi motsi. Shi ya sa ko ka kwarara durom goma na ruwa a wurin, ba ka wanke shi ba. Kamfanonin haƙar mai ma, da suke tura ruwa cikin dutse don ya koro musu ɗanyen mai, ba sa iya fitar da shi duka.

Wanda bai maƙale ba zai ci gaba da sauka har ya iske ruwan ƙasa. Litar ruwa kilo 1 ce, ta man gas kusan giram 840, saboda haka man yana tsayawa a saman ruwan ya bazu. Da damina ruwa ya taso ya ɗago shi, da rani ya ja baya ya shafe ƙasar da shi. Duk lokacin da ka kunna famfo, ruwan da ke kewaye yana gangarowa wajen rijiyarka, ya taho da man. Sannan akwai sinadaran da ke narkewa cikin ruwan, irin su benzin da ke cikin fetur, waɗanda ido ba ya gani.

Wannan ya faru a ƙasarmu. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan yankin Ogoni a jihar Ribas ya ce a Nisisioken Ogale an tarar da mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasan da rijiyoyin jama'a ke sha daga gare shi. Benzin ɗin ruwan ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900.

Naka bai kai nasu ba, amma hanyar ɗaya ce. Mai a saman kwami yana hana iska shiga ruwa, ga shi tarwada tana tasowa ta shaƙi iska, sai ta ci karo da shi. 'Ya'yan kifi ne suka fi saurin mutuwa, manyan kuma namansu ya ɗauki wari, mai saye ya guje ka. Kaji ma idan ruwa na wari sai su rage sha, su rage ci, ƙwai ya ragu.

Ga abin yi:

1. Ɗora janareta a kan daɓen siminti mai ɗan baki, nesa da rijiya, ta ɓangaren gangare.
2. Tara baƙin mai a jarka, kar ka zuba a kwata ko gindin dirkar ɗakin kaji don maganin gara.
3. In ya zube, zuba garin katako ya tsotse, ka kwashe har da ƙasar wurin a ranar.
4. Yi wa bakin bohol siminti sosai.
5. Kafin ka sayi fili kusa da gareji ko gidan mai, a kai ruwan wurin ɗakin gwaji.

Rigakafi ya fi magani, don tsaftace ruwan ƙasa aikin shekaru ne. Allah Ya sa wa kiwonmu albarka.