Yadda Ake Haɗa Fatsa Mai Riƙe Koton Roba

Duk wanda ya tashi a Zandam ko wani gari na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu ya san daɗin zaman bakin ruwa da fatsa a hannu. Kogin Bunga, wanda ya taso daga duwatsun Jos, ya ratsa wannan yanki kafin ya zama Kogin Jama'are, ya daɗe yana ciyar da masunta. Amma ya san takaicinsa kuma: ka sha wahalar tonon tana, ka jefa, ƙananan kifaye su tsattsage ta, ka jawo ƙugiya tsirara. Shi ya sa na ga ya kyautu mu koyi haɗa fatsa mai koton roba.

Koton roba ba sabon abu ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Nick Creme ne ya fara ƙera tanar roba mai laushi a shekarar 1949, a garin Akron. Amfaninta shi ne ba ta ruɓewa, kuma ana iya kama kifi da yawa da guda ɗaya. Aibinta ɗaya: tana da santsi, da kifi ya ja wutsiyarta sai ta zame ta tattare a lanƙwasar ƙugiya. Maganin wannan shi ne a yi mata mariƙi.

Kayan aikin ba su da tsada: ƙugiya mai dogon jiki, ƙaramin noti na ƙarfe, guntuwar waya siririya mai tauri irin ta fil, zaren ɗinkin takalmi, gam mai saurin kamawa, da filaya.

Da farko, zura notin ta wajen idon ƙugiya, ka tsayar da shi daf da idon, ka naɗe gabansa da bayansa da zare har ya daina motsi. Shi ne zai ba fatsar nauyin nutsewa. Na biyu, yanki waya kamar tsawon farcen babban yatsa sau biyu, ka kwantar da rabinta a jikin ƙugiyar bayan notin, ka ɗaure tamau. Na uku, lanƙwaso sauran rabin baya da filaya, tsininta ya ɗan ɗago yana kallon notin. A nan ne da dama suke kuskure. In tsinin ya kalli noti, koto zai haye shi cikin sauƙi sa'ad da kake turawa, amma in kifi ya ja, sai tsinin ya kafe cikin robar. In ya kalli ɗaya gefen, aikin banza ka yi. Daga ƙarshe ɗiga gam a kan zaren, ka bari ya bushe sarai.

In babu koton kanti, yanki tsohon silifa mai laushi, tsawon ɗan yatsa, kai da kauri, wutsiya siririya. Soka ƙugiya ta tsakiyar kan, ka fito da bakinta ta gadon baya, ka tura har ya taɓa noti. Ya zauna a miƙe, gama karkataccen koto juyawa yake yi yana murɗe igiya.

Wannan fatsa ba a jefa ta a zauna jira. Bari ta kai ƙasa, ka ɗaga sanda kaɗan, ka sake ta, domin ta yi kama da ɗan kifi mai rauni. Kifaye masu farauta, irin su tsage da giwan ruwa, su ne suka fi kai mata cafka. Haƙoran tsage suna yanke igiya, saboda haka sa 'yar waya tsakanin igiya da ƙugiya. Tarwaɗa kuwa ta fi bin ƙanshi, sai ka ƙara mata guntuwar tana a bakin ƙugiya.

Mai karatu zai ce, don me noti, alhali dalma ta fi nauyi, kuma tana narkewa a zafin digiri 327 kawai? Dalili shi ne dalma guba ce. Hayaƙinta da ƙurarta suna lalata ƙwaƙwalwa, musamman ta ƙananan yara, kuma lahanin ba ya gyaruwa. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a Jihar Zamfara. A Ingila ma, tun 1987 aka hana amfani da ƙananan dalmar fatsa, domin tsuntsayen ruwa suna haɗiye su suna mutuwa. Saboda haka kada wani ya fasa tsohon batir ya narka dalma a murhun gida ko a gwangwanin girki. Rigakafi ya fi magani.

'Yan'uwa ɗalibai, in hutu ya zo, ku gwada. Amma ku nemi izinin iyaye da na Sarkin Ruwa, kada ku je kogi ku kaɗai, kuma ku nisanci gaɓa a watan Agusta sa'ad da ruwa ya yi ƙarfi. Ƙaramin kifi ku mayar da shi ya girma, yagaggen koto kuwa ku sa a aljihu ku dawo da shi gida. Kogin da ya ci da kakanninmu, haƙƙinmu ne mu bar wa na baya shi da kifinsa.